Abin da Ngati Ta Faɗa wa Karenta

Mijina ya haura arba'in lokacin da ya ce zai koma makaranta. Na ce masa, "Jakamarra, da furfurar nan a gemu? Yaran jami'a za su ɗauka gyaran famfo ka zo." Ya yi dariya, amma bai fasa ba. Wata biyu yana can birnin Darwin, wata biyu yana gida, ya baje mini littattafai a kan teburin da nake kwaɓa fulawa.

Abin da yake karantawa wai yadda gwamnati ke tafiyar da ƙananan al'ummu irinmu ne, da dokokin da ta yi a kanmu, da haƙƙoƙin da aka ce muna da su. Na ce wannan ai ba sai an je Darwin ba, ya zauna a bakin shagon garinmu ya saurari tsofaffi, a yini ɗaya zai gama digirin. Shi kuwa ya ce sanin cewa an cuce ka daban, sanin da wace doka aka cuce ka daban, da wanda ya sa hannu, da abin da yake tsammanin yana yi lokacin da ya sa. Na ƙyale shi, don na san ba gwamnati yake nema a cikin takardun nan ba. Uwarsa yake nema.

Ta rasu, don haka ba zan kama sunanta ba, a wurinmu ba a kama sunan mamaci. Mu ce Napanangka, sunan rukunin dangin da aka haife ta a ciki, don kowa a cikinmu da nasa rukunin. A ƙasarmu aka haife ta, ubanta wani Bature ne mai kiwon shanu da ba wanda ya damu da tuna shi. Tana 'yar ƙarama aka ɗauke ta a mota, kamar yadda ake ɗauke yara masu hasken fata a lokacin, aka kai ta gidan renon yara can bakin teku. Ta girma, ta yi aikin wanki da guga a asibiti, ta haifi ɗa guda. Magana ɗaya ta taɓa yi masa a kan gida, ita ma sai da ciwo ya kwantar da ita. Ta ce, "Kada ka wahalar da kanka da neman su. Uwata ce ta ba da ni da hannunta. An faɗa mini."

Bai ji maganarta ba. Bayan an binne ta ya zo garinmu yana tambaya, dattawa suka zaunar da shi suka lissafa dangi, suka ce ɗan Napanangka ai Jakamarra ne. Ni kuwa Napaljarri ce, auren da ya dace ke nan, kuma Allah ya sa na ga yana da hankali ko da yake bai iya hura wuta ba. Mahaifiyata, wadda nake kira Ngati, Nangala ce. Daga ranar da aka ce masa Jakamarra ta zama surukarsa, tun ma kafin ya san da ni.

To kun san yadda ake yi a wurinmu tsakanin mutum da surukarsa. Bai taɓa kallon fuskarta ba, ba ta taɓa kallon tasa ba. Ba sa shiga ɗaki ɗaya ko mota ɗaya, ba ya kama sunanta, ba ta kama nasa. In ya hango ta a hanyar shago sai ya kewaya ta bayan asibiti, ko da kaya ne niƙi-niƙi a hannunsa. In tana maganarsa sai ta ce "su na gidanki". Amma ban san mutum biyu da ke ji da juna kamarsu ba. Wutsiyar kangaru mafi maiƙo ita ake aika wa, ni ce 'yar aike. Sanyi na shigowa zai tara mata itace ya sa in kai. In na ɗaga masa murya ta jiyo daga inuwarta, ranar na shiga uku, sai ta ce ba ta haife ni don in zama rediyo ba.

A shekararsa ta biyu ta karatu aka ba shi izinin shiga inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Ya dawo gida ba ya cin abinci. Da ƙyar na tatso shi. Ya ce ya ga takardar uwarsa, kuma wani jami'i ya rubuta da kyakkyawan rubutu cewa uwar yarinya ta miƙa ta da yardarta.

Na ce, "Ai ka san ƙarya suke rubutawa. Kai ne fa kake koya mini haka."

Ya ce, "Na sani a littafi. Wasu an ƙwace, wasu an tsoratar, wasu kuma yunwa ta sa sun bayar. Ita ban san wacce ce ba. Ta mutu tana ganin ba a so ta, Napaljarri. In gaskiya ne, ina so in sani. In ƙarya ne ma ina so in sani."

Ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce yana wani sansanin lokacin da aka ɗauke ta, wani ya ce bai yi wayo ba. Daga ƙarshe wani tsoho Japangardi, da ido ɗaya ya rage masa, ya ce, "Duk waɗanda ke wurin ranar sun tafi, saura mutum ɗaya. Ita ce ma take renonta a lokacin. Amma kai, ɗana, ba ka da hanya zuwa wurinta." Jakamarra ya gane ko wace ce tun kafin tsohon ya nuna inuwar Ngati da leɓe.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ba ga ni ba? Na je na sami Ngati tana zaune da karenta. Karen nan sunansa Minista, don ba ya zuwa sai ya ji ƙanshin nama, kuma da an gama ci ba a sake ganinsa. Na faɗa mata abin da ake nema, na ce ta gaya mini in kai.

Ta daɗe tana sosa wa karen kunne. Sannan ta ce, "Wannan magana ba taki ba ce. Tana da mai ita."

"Ai shi zan kai wa."

"Ke? Da bakin nan naki? Kafin ki isa gida kin ƙara mata gishiri, kin zubar da rabi a bakin shago."

Washegari na koma da rakodarsa. Ta kalle ta a wulaƙance. Ta ce shekara sittin tana riƙe da abin nan a ƙirjinta, ba za ta zuba shi a akwatin da kowane ɗan makaranta zai danna ya ji ba. Kunnen mai maganar kawai za ta shiga.

Na ce, "To Ngati, ki faɗa masa mana."

Irin kallon da ta yi mini, sai ka ce na tuɓe a coci. Na tattara rakodata na fita.

Da lokaci na nan da sai mu jira. Amma ƙodar Ngati ta gaji. Likita ya ce ƙarshen wata za a kai ta asibitin garin Alice Springs a fara yi mata wankin ƙoda, kuma kowa a garinmu ya san tsofaffi nawa ne suka tafi wankin nan suka dawo da ƙafarsu.

Ana cikin haka malamar da ke duba aikinsa ta zo, Farfesa Dunleavy, doguwar mace mai kirki, ta kawo mana buhun lemo. Da ta ji labarin sai idonta ya ciko. Ta ce ita ba ta raina al'adarmu ba, amma al'adar tasu ce su biyu, manya ne, in sun yarda za su iya ajiye ta na ɗan lokaci kaɗan saboda abu mai girma irin wannan, sannan su ɗauka. Gaskiya ni ma abin da ke raina ke nan.

Jakamarra ya juya kofin shayinsa. Ya ce, "Malama, duk takardun da kika tura ni in karanta haka suke farawa. Mutanen kirki ne suka ga dokarmu za ta iya jira na ɗan lokaci saboda dalili mai kyau. Da haka aka sa uwata a mota. Ba zan je neman ta ta wannan ƙofar ba."

Farfesa ta ce ya rubuta hakan a kundinsa. Ni kuwa tana tafiya na sauke masa kwandon masifa. Na ce shi da Ngati duk kansu ɗaya, taurin kai kamar jakunan daji, za su zauna suna girmama juna har ɗaya ya mutu ɗaya ya haukace. Na yi kuka don haushi. Ya fita ya hau faskare.

Saura 'yan kwanaki tafiyar, Ngati ta aiko a kira ni. Ta ce tana so ta je ta yi sallama da ƙasarta, can busasshen kogin da suka zauna tana yarinya, ta gasa wutsiya ta sha shayi a kan yashi. In ari motar ƙanwata in kai ta.

"Itacen wurin ba ya ci," in ji ta, tana kallon gefe. "Su na gidanki su biyo mu da itace a tasu motar. Daga nesa."

"Ngati, wurin nan fa itace ne ko'ina."

"Na ce ba ya ci."

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Na je gida na faɗa masa, na ce kada ya ɗauko rakoda, kada ya ɗauko biro. Ya ce bai yi niyya ba.

Da hantsi muka isa. Sanyi bai sake ba tukuna, Ngati tana ƙudundune cikin bargo, Minista na kan cinyarta. Ta nuna mini wani lungu a gindin manyan itatuwa inda ake tona yashi a sami ruwa. Ta sa na sassaro rassa na yi mata shinge mai tsawo don tare iska, duk da ba wata iskar kirki. Ta zauna ta jingina bayanta da shi. Da motarsa ta tsaya can nesa, ta ce in je in ce a sauke itacen a bayan shingen, kuma itace yana bukatar mai gadi.

Na dawo na hura wuta. Ta cikin ganye ina hango bayan rigarsa, ya zauna shi ma ya juya mana baya. Tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba. Ban taɓa ganin sun yi kusa haka ba.

"Ke ki kula da shayi," Ngati ta ce mini. "Yau ke kututture ce, ba ki da kunne."

Sannan ta kama fuskar karen da hannu biyu.

"Minista, zauna. Kai ba abin da ka sani sai ci, to yau za ka ji magana. A nan wurin akwai wata yarinya da nake ɗauka a wuya. Gashinta kamar busasshiyar ciyawa. Ba ta ji, ba ta tsoro, ga cizo. Dubi nan, kafaɗata, haƙoranta ne. In iyayenmu mata sun tono tururuwar nan mai tara zuma a ciki, kafin a juya ta cika baki ta gudu, ana binta tana dariya zuma na zuba. In tana tafiya ƙafarta ta hagu waje take kallo, ɗan ƙaramin yatsan kuma ba ya taɓa ƙasa. Ko a cikin sawun yara ashirin makaho zai gane nata."

Karen ya yi hamma. Ta ɗan doke shi a hanci.

"Ranar da motar ta zo, manyan mata sun tafi tonon doyar daji. Mu yara ne kawai a bakin ruwa da wata tsohuwa da ba ta gani. Mutum biyu suka sauko, ɗaya da babbar hula. Ba su tambayi kowa komai ba, ba ma wanda za a tambaya. Na riƙe ta, aka ɓamɓare hannuna. Ta ciji mai hular, na gani da idona, jini ya fito. Uwarta ta jiyo ƙarar mota daga nesa ta yar da komai ta taho. Ta bi sawun taya da gudu har rana ta karkata. Maza ne suka je suka ɗauko ta, tafin ƙafarta duk ya tsage."

Bayan shingen ba motsi. Ni ma shayin ya tafasa ya zube ban sani ba.

"Bayan kwanaki dattawa suka ce wanda motar nan ta ɗauka ba ya dawowa, a yi mata makoki kamar ta mutu. Mata suka karyo ganye za su share sawunta daga sansani, yadda ake yi wa mamaci. Suka share ko'ina. Saura guda ɗaya, can a ɗanyen yashin bakin ruwa, inda ta taka na ƙarshe kafin a ɗaga ta. Uwar ta tsaya a kansa da sandar tono. Ta ce duk wadda ta matso da ganye sai ta fasa mata kai, 'yarta ba ta mutu ba. Ta samo tsohuwar garwar fulawa ta kife a kai, ta ɗora dutse.

"Mutane suka tashi zuwa wani ruwan, ita ta ƙi. Ni ce ake aikowa da abinci. Kullum da safe sai ta ɗaga garwar, ta duba, ta yi mata magana, ta ce yau kin ci kuwa, yau wa kika ciza. Sannan ta mayar ta rufe. Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce, tana nan. Sai da ruwan sama ya sauka kogin nan ya kawo ya tafi da garwar. Ranar ce ta yi makoki, ta fasa kanta da dutse. Ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba."

Ngati ta goge hanci da bakin bargo.

"Saboda haka, Minista, in ka ga wata takarda da ta ce an ba da yarinyar nan, ka cinye ta. Kai ai ba abin da ba ka ci."

Can sai na ji wani sauti daga bayan ganyen, irin na babban mutum da ke ƙoƙarin kada a ji kukansa. Na so in tashi in je, Ngati ta harare ni na koma na zauna. Sannan muryarsa ta fito, a dishe.

"Minista."

Karen ya ɗaga kunne, ya kewaya shingen da gudu yana tsammanin nama ne.

"Minista, yarinyar nan ta rayu. Ta yi tsawo. Ba ta yawan dariya, amma cizon bai bar ta ba, ya koma harshe, har likitoci tsoronta suke ji. Tana ɓoye kwalbar zuma a cikin durowar kayanta, ta sha da cokali in ta ɗauka ba mai kallo. Ta haifi ɗa, ta riƙe shi da kyau, ko makaranta ba ta yarda ya tafi shi kaɗai ba. Yana riƙe da hannunta ta cika."

Ngati ta rufe ido tana gyaɗa kai a hankali. Hawaye na bin tamojin fuskarta, ba ta share ba. Karen ya dawo wurinta da ya ga ba a ba shi komai ba.

"Ka ji ko?" ta ce masa. "Zuma. Ɓarauniya har ta tsufa." Ta yi 'yar dariya, ta ja numfashi. "Abu ɗaya ne ya rage da ke damuna, Minista. Mutanen birni da takalmi. Tun da wasu suka zo garinmu, safe da yamma ƙafarsu na cikin manyan takalma masu igiya, sai ka ce sojoji. Fuska an hana ni gani, na yarda, haka doka take. Amma ƙasa ba wanda ya hana ni kallo. Shekara da shekaru ina duba hanyar shago da bakin famfo, ba abin da nake gani sai zanen roba."

Tana faɗin haka ta ja bargon ta lulluɓe kanta gaba ɗaya, ta sunkuya.

Na ji yana kwance igiya. Sannan ya fito daga bayan shingen, takalma a hannu, ya kau da fuskarsa gefe. Ƙafafun nan farare sol, ba su san rana ba. A gabanmu akwai shimfiɗaɗɗen yashi mai laushi da ba abin da ya taka. Ya bi ta kai a hankali, yana ɗan ɗingishi don bai saba ba, ya wuce har wurin motarsa, ya tsaya ya ba mu baya.

Na ce, "Ngati, sun wuce."

Ta yaye bargon. Na miƙa hannu in ɗaga ta, ta ture. Da rarrafe ta je, tana kaffa-kaffa kada ta taɓa ko sawu ɗaya. Ta wuce na dama, ta tsaya a kan na hagu. Ni ma na leƙa. Yana kallon waje, kuma yatsu huɗu ne suka fito a yashin. Shekarun nan duka ina kwana kusa da ƙafar nan ban taɓa lura ba.

Ta ajiye tafin hannunta a gefensa. Sawun ya fi hannun tsawo nesa ba kusa ba.

"Yarinya," ta ce a hankali, "kin yi girma."

Iska ta ɗan taso, yashi ya fara gangarawa cikin gurbin dunduniyar. Ban san lokacin da na zubar da fulawar da ke cikin kwanon da muka taho da shi na kawo zan kife a kai ba. Ngati ta riƙe mini hannu.

"Bar shi a buɗe," ta ce. "Wannan mai shi yana gida."